Kwamfuta Mai Araha: Mu Saya Ko Mu Dakata?

Jawabin da muka yi wa wakilan ikilisiyoyin karkara a taron horar da sakatarori da ma'aji. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

   

Kun saba idan mun zo maganarmu ta rijiya ce, ko taki, ko bankin hatsi, ko adashin mata. Yau maganar ta ɗan bambanta. A zagayen da muke yi, tambaya ɗaya tana ta dawo mana: kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka, wadda ake kira laftof, an ce akwai mai araha a kasuwa, mu saya wa ikilisiya ko kada mu saya? A wani wuri matasa ne suka matsa wa dattawa. A wani wuri kuma ɗan gari da ke aiki a birni ne ya ce zai ba da rabin kuɗin idan ikilisiya ta cika sauran.

Ba mu ɗauki tambayar da wasa ba, domin mun san inda kuɗin zai fito. Baikon kaka ne, masara da dawa da gyaɗar da kuka auna kuka kawo gaban Ubangiji. A ciki akwai mudun gwauruwa. Kwamfuta mafi araha ma sai ta ci buhuna da dama. Saboda haka ga amsarmu tun da fari: kwamfuta mai araha tana iya yi wa ikilisiyar ƙauye aiki sosai, amma sai an amsa tambayoyi uku kafin a je kasuwa. Wane aiki za ta yi? Da wace wuta za ta yi shi? A hannun wa za ta zauna? Idan babu amsa, kuɗin ya fi amfani a rufin majami'a.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Ba mu ne muka fara wannan tunani ba. A shekarar 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfuta ɗaya a kan dala 100. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis, tare da Kofi Annan, wanda yake Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin. Samfurin har da hannun juyawa domin a yi caji ba tare da lantarki ba, amma an cire hannun kafin a fara ƙera ta da yawa. Da ta fito a ƙarshen 2007, kuɗinta ya kai wajen dala 188. A Nijeriya an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. An yi ta maganar ƙasar za ta sayi miliyan ɗaya, amma ba a saya ba.

Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta saya da yawa ta raba wa makarantun karkara. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi sawun makarantu 319, ya fitar da sakamakon a 2012. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. An kai na'urar, ba a shirya yadda malamai za su koyar da ita ba. Idan gwamnati da kuɗinta ta gamu da wannan, mu da muke auna baiko da mudu ya kamata mu zauna mu yi lissafi. A Bisharar Luka sura 14 Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda yakan fara zama ya duba ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshen aikin. Abin da muka taru mu yi ke nan.

Tambaya ta farko: wane aiki?

Ga ayyukan da muka ga kwamfuta mai araha tana yi lafiya lau.

Na farko, rubutu. Wasiƙun ikilisiya, sanarwar Lahadi, bayanan taron dattawa, tsarin sujadar Kirsimeti da Ista. Ku tuna nawa sakatare yake kashewa a kuɗin mota zuwa shagon buga takardu a gari, ya dawo ya tarar an ɓata sunan ango, ya sake komawa. Da kwamfuta, zai zauna ya rubuta, fasto ya duba, a gyara, sa'an nan a kai a filash a buga sau ɗaya. Akwai manhajar rubutu da lissafi ta kyauta mai suna LibreOffice, ba sai an sayi lasisi ba. Akwai kuma Keyman, ita ma kyauta, wadda ke ba da damar rubuta ɓ da ɗ da ƙ, har da haruffan harsunanmu na gida.

Na biyu, ajiye tarihi. Rajistar baftisma, ta aure, ta miƙa yara, ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wannan ya fi mana nauyi a zuciya. A 2014, lokacin da aka kori jama'a daga Gwoza da Michika da Mubi, majami'u da yawa sun ƙone tare da abin da ke cikinsu. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar babban littafin rajista. Ko inda ake zaman lafiya, gara da ɓera da yoyon rufi suna cin takarda. Idan an kwafe rajista a kwamfuta, aka zuba a filash biyu, aka ajiye ɗaya a ofishin gunduma, tarihin ikilisiya ba zai ɓace rana ɗaya ba.

Na uku, lissafin kuɗi. Baiko, zakka, bankin hatsi, adashin zumuntar mata. Kwamfuta tana tarawa tana ɗebewa ba kuskure, a ƙarshen wata kuma a karanta wa ikilisiya rahoto mai tsabta. Amma ku ji wannan da kyau: abin da aka shigar mata shi take tarawa. Ba ta mai da marar aminci mai aminci. Littafin takarda da sa hannun mutum biyu bayan ƙirga baiko su ci gaba kamar yadda aka saba.

Na huɗu, yaranmu. Tun 2015 hukumar JAMB take yin jarrabawarta duka a kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Yaron birni ya saba da madannai tun yana ƙarami. Namu yakan fara taɓa kwamfuta a ɗakin jarrabawa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, sabo ya rasa. Kwamfuta ɗaya a ofishin majami'a, da awa ɗaya a mako ga kowane ɗalibi, ta isa ta cire wannan tsoro. Akwai manhajojin gwajin tsofaffin tambayoyi da ke aiki ba tare da intanet ba.

Yanzu ga abin da ba za ta iya ba. Matasa sukan ce za su riƙa haɗa bidiyon taron zumunta da faifan mawaƙa. Mai araha ba ta da wannan ƙarfi. Za ta yi zafi, ta tsaya, a ce ta lalace, alhali an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma idan abin da kuke bukata karanta Littafi Mai Tsarki ne da aika saƙo da ɗaukar hoton takarda, babbar waya da ke hannun ɗaya daga cikinku ta isa. Ba sai an sayi komai ba.

Idan za a je kasuwa

Masu araha iri biyu ne. Akwai sabuwa fil a kwali, wadda aka rage mata ƙarfi domin kuɗinta ya sauko. Akwai kuma ta hannu, wadda ofisoshi a Turai da Amurka suka yi aiki da ita suka sayar, wadda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam. Sau da yawa ta hannu mai kyau ta fi sabuwa mafi araha ƙwari, kuma an fi samun kayan gyaranta. Sai dai ita ce aka fi cutar mutane da ita. Ga abin da za ku duba.

Ram, wato wurin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. Ku ɗauke shi kamar faɗin tabarmar shanya. Giga 4 shi ne mafi ƙanƙanta da za ku yarda da shi, giga 8 ya fi. Ku tambaya ko ana iya ƙarawa, domin a waɗansu an liƙe shi.

Ma'ajiya, wato rumbun kwamfuta. Ku nemi irin da ake kira SSD, aƙalla giga 128. Ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri, kuma ba ta tsoron girgizar babur a hanyarmu. Ku guji sababbin nan masu giga 32. Manhajar Windows kaɗai za ta cinye yawancin wurin.

Manhaja. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana bukatar aƙalla ram giga 4 da ma'ajiya giga 64, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sauran sharuɗɗanta ba. Wannan ba ya nufin tsohuwa ta zama shara. Za ta yi rubutu da lissafi kamar da. Amma idan za ta riƙa shiga intanet ko harkar banki, ku sayi wadda ke ɗaukar Windows 11, ko a sa mata manhajar kyauta irin Linux Mint, idan kuna da wanda ya san ta.

Batir. Kada ku karɓi maganar baki. A cika ta, a zare caja, a kunna bidiyo, ku zauna ku ga yadda cajin ke sauka cikin rabin awa. Idan ta mutu da an zare waya, batirin ya ƙare.

Sauran jiki. Ku danna kowane harafi a madannai. Ku buɗe farin shafi ku duba ko akwai layi ko tabo a gilashin. Ku gwada kowace kafar filash. Ku buɗe ku rufe ku ji ko maɗaurin murfin ya yi sako-sako. Ku kashe ta ku sake kunnawa, ku tabbata ba ta neman kalmar sirrin wani. Waɗansu, musamman masu suna Chromebook, makarantun waje sun kulle su, kuma yawancin aikinsu da intanet aka tsara shi.

A ƙarshe ku karɓi rasit da sunan ikilisiya, da lambar jikin kwamfutar a rubuce, da yarjejeniyar kwanakin da za a iya mayar da ita. Wanda ya tare ku a bakin hanya da farashin da ya yi daɗi ainun, ku wuce shi. Wataƙila ta sata ce, kuma ba ma so mu ji dattijon ikilisiya yana bayani a ofishin 'yan sanda. Ku je mutum biyu ko uku, ɗaya ya zama wanda ya san kwamfuta kuma ba shi da riba a cinikin.

Tambaya ta biyu: wace wuta?

A nan laftof ta fi babbar kwamfutar tebur dacewa da ƙauye. Cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 ce, kuma tana da batir a jikinta, don haka idan wuta ta ɗauke aiki ba ya ɓacewa. Inda ake da sola a majami'a ko a asibitin ƙauye, za ta iya cin abincinta a nan, muddin an tambayi wanda ya haɗa solar. Inda janareto ne kawai ran Lahadi, to ku sani cajin rana ɗaya ba zai kai mako ba. Ku yi lissafin kuɗin mai ko kuɗin caji a shago tun yanzu.

Ƙaramin janareto yakan yi wasa da ƙarfin wuta, shi ne ke ƙona caja. A bar shi ya daidaita kafin a jona, a zare kafin a kashe shi. Idan hadari ya taso ana walƙiya, a zare komai. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin iska take sha ta ƙasa da gefe. Kada a bar ta a rana, zafi yana kashe batir. Da hunturu ƙura tana toshe mata hanyar iska, sai a rufe ta a jaka bayan aiki. Kunu da shayi su yi nesa da ita.

Za ku ce, to firinta fa? Shawararmu a dakata. Mai tawadar ruwa takan bushe idan ta daɗe ba a yi aiki da ita ba. Mai hoda kuma tana jan wuta fiye da abin da ƙaramar sola za ta iya. A fara da filash da shagon gari. Idan aiki ya yi yawa, a sake zama.

Tambaya ta uku: hannun wa?

Wannan ita ce ta fi kashe kwamfutocin ikilisiya, ba ƙura ba. Bari mu ba ku labarin wurare biyu da muka gani da idonmu. Ba za mu ambaci suna ba.

A wuri na farko an saya bayan baikon kaka, an kawo ta gaban ikilisiya, an yi addu'a, an yi guɗa. Mutum ɗaya ne kawai ya iya ta, wani saurayi mai hankali. Bayan wata biyar ya samu makaranta a birni. Tun da babu mai taɓa ta, sai aka ce ya tafi da ita ya riƙa dawowa da ita hutu. Yau ba a san ko ta ikilisiya ce ko tasa ba, kuma gida biyu ba sa gaisawa da daɗi a kan maganar. Ba ma ɗora wa yaron laifi. Ba a rubuta komai ba tun farko.

A wuri na biyu ikilisiyoyi uku da ke kusa da juna suka haɗa kuɗi suka sayi ta hannu. Kafin su saya, sun aika mutum biyu koyo: sakatare, da wata matar aure daga zumuntar mata, wadda gidanta da gonarta suna nan, ba inda za ta. Suka sayi littafi na musamman, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu, ya rubuta ranar mayarwa. Suka ware ɗan kuɗi kowane wata domin gyara. Da caja ta ƙone, a makon suka sayi wata. Yanzu sun gama kwafe rajistar baftisma ta ikilisiya biyu, ran Asabar kuma ɗalibai suna layi a ofis.

Kuɗin da wuraren biyu suka kashe bai bambanta sosai ba. Shiri ne ya bambanta. Saboda haka muna roƙon majalisar dattawa ta rubuta waɗannan a littafin taro kafin a saya. Kwamfutar ta ikilisiya ce, idan an yi wa fasto canji tana nan. Aƙalla mutum biyu su koya, kuma a sa mace a ciki. A san inda take kwana da mai riƙe makulli. A sa kalmar sirri, mutum uku su san ta, domin sunayen membobi da kuɗinsu amana ce, a wuraren da babu kwanciyar hankali ma abin ya fi haka. Kowane ƙarshen wata a kwafe aiki a filash. Kada a riƙa cusa mata filash ɗin kowa domin tura finafinai, ta nan cutar kwamfuta ke shiga. Yara su yi amfani da ita a fili, da babba a kusa, ba a ɗaka da dare ba, domin ƙofar da ilimi ke shigowa ta nan caca da hotunan banza ma ke bi.

Kuɗin da ba a gani a kasuwa

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da mai shago ya faɗa ba shi ne ƙarshe ba. A kansa ku ƙara jaka, filash biyu, kuɗin koyo, kuɗin caji, kuɗin mota zuwa wurin mai gyara, da sabon batir bayan 'yan shekaru. Idan kuɗin hannunku ya tsaya daidai kan farashin kwamfutar, ba ku shirya ba tukuna. Ku jira wata kaka, ko ku nemi maƙwabta ku haɗa hannu.

Akwai kuma lokacin da amsa ita ce a'a. Idan rufin majami'a yana yoyo, idan mai bishara ya yi watanni bai samu alawus ba, idan famfon rijiya ya lalace mata suna komawa rafi, kwamfuta ta jira. Kada ku saya don ikilisiyar gaba ta saya. Babu kunya a littafin rajista da biro. Iyayenmu da suka kafa waɗannan ikilisiyoyi da su suka yi aiki, Ubangiji kuma ya sa albarka.

Ga abin da muke roƙo ku yi idan kun koma. A taron dattawa na gaba, ku ɗauki takarda ɗaya ku rubuta amsar tambayoyin nan uku: aikin, wutar, da hannun. Ku karanta wa ikilisiya, ku ji ta bakin mata da matasa. Idan mun zo zagaye ku nuna mana, mu duba tare kafin ku fitar da ko sisi. Wanda yake da tambaya yanzu, za mu zauna bayan abinci, mun kuma kawo kwamfuta biyu domin kowa ya taɓa da hannunsa, har da iyayenmu da suke cewa sun tsufa.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe amanar abin da jama'arsa suka kawo, ya albarkaci gonakinku, ya mai da ku gida lafiya. Amin.